Tarihin Babban Mutum Hakkin Mai Karatu Ne

A watan Fabrairu na 2025 aka yi gagarumin taro a Abuja don ƙaddamar da littafin da Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya rubuta kan rayuwarsa, A Journey in Service. Shugabannin ƙasa na da da na yanzu sun hallara, attajirai sun yi alkawarin biliyoyin naira, an sha jawaban yabo. Da gari ya waye, duk wannan ya bi iska. Abin da jaridu suka ɗauka, aka kwana ana ja-in-ja a kansa a gidajen rediyo da majalisun unguwa, shi ne 'yan shafukan da Janar ɗin ya amsa cewa Cif M.K.O. Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni, 1993, zaɓen da gwamnatinsa ta soke. Fiye da shekara 30 mutane suna jiran wannan magana daga bakinsa. Ko wanda bai yarda da sauran bayanin da ya biyo baya ba ya san cewa a waɗannan shafuka ne littafin ya sami nauyinsa, domin nan ne marubucin ya faɗi abin da ke da wuyar faɗa.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace a riƙa ɗora kowane littafin tarihin rayuwa a kai, ko mutum ne ya rubuta nasa da hannunsa, ko wani ne ya bincika ya rubuta game da shi. Mai hakki na farko a kan irin wannan littafi shi ne mai karatun da bai taɓa ganin mutumin ba, yaron da aka haifa bayan an rufe kabarinsa, wanda ba shi da wata hanyar saninsa sai abin da aka bar masa a takarda. Wanda aka rubuta tarihinsa da iyalansa da masu ɗaukar nauyin bugawa duk suna bayan wannan mai karatu a layi. Da yawa daga cikin littattafan da ake bugawa a ƙasarmu sun juya wannan layi. Ana rubuta su ne domin ranar ƙaddamarwa, domin a faranta wa mai gida da 'ya'yansa, shi ya sa kusan duk kamanninsu ɗaya. An haife shi a gidan mutunci, tun yana yaro malamai suka ga alamar shugabanci a goshinsa, ya riƙe muƙami kaza da kaza, an naɗa shi sarauta kaza, ga hotonsa da wane da wane. Ba ya kuskure, ba ya fushi sai don Allah, duk wanda ya yi rigima da shi mahassadi ne. Mutum zai gama shafi 300 bai san abin da ke hana wannan bawan Allah barci ba, bai ga ranar da ya tsaya tsakanin hanyoyi biyu ya rasa wadda zai bi ba.

Yabo yana da gurbinsa a al'adarmu, kuma gurbi ne mai daraja. Abin da Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, ko Musa Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna da Sardauna, fasaha ce da Hausa za ta daɗe tana alfahari da ita. Sai dai makaɗin fada ba ya yaudarar kowa, domin mai sauraro ya san ƙa'idar sana'ar. Ya san aikin makaɗi shi ne ya kai ubangidansa sama ya yi wa abokin hamayyarsa zambo, ba wanda ke zuwa wurinsa neman shaidar abin da ya faru. Littafin da aka rubuta wa suna tarihi kuwa alkawari ya ɗauka cewa ga yadda abin ya kasance. In ya yi aikin maroƙi da sunan tarihi, ya ci amanar wanda ya saye shi. Ɓarnar kuma ba ta tsaya ga ɓata gaskiya ba. Saurayin da aka nuna masa magabata kamar waɗanda ba su taɓa tuntuɓe ba, ɗayan biyu zai yi. Ko dai ya ɗauka su wata halitta ce daban da ba zai taɓa kamowa ba, ya sallama, ko kuma ranar da ya ji wani abu ɗaya da aka ɓoye masa ya yi watsi da dukkan labarin, har da gaskiyar da ke cikinsa.

A dubi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Wanda ya san shi ta bakin masu yabo kawai ya san Firimiya mai kwarjini wanda ya gina jami'a a Zariya, ya kafa bankin Arewa, ya tura 'ya'yan talakawa aikin soja da na gwamnati. Duk gaskiya ne. Amma akwai Ahmadu na 1938, wanda ya nemi gadon Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna. Akwai Ahmadu na farkon shekarun 1940, wanda aka zarga da cin kuɗin jangali yana Gusau, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Mutumin da ya ɗanɗani wannan faɗuwa a gaban danginsa, ya tashi, ya koma ya yi aiki da Sarkin da suka yi takara, har ya zama jagoran Arewa baki ɗaya, ya fi wanda aka ce tun daga zanin goyo yake kan nasara ban sha'awa, ya kuma fi shi amfani ga mai neman darasi. Littafin da Sardauna ya rubuta da kansa, My Life, ya fito a 1962, yana kan kujerar mulki, kuma mai mulki ba ya iya faɗin komai alhali abokan tafiyarsa da abokan hamayyarsa suna raye suna sauraro. Sai a 1986, shekara 20 bayan kisansa, John Paden ya fitar da nasa littafin mai kusan shafi 800, wanda kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga, bayan ya zauna da ɗimbin mutanen da suka yi hulɗa da Sardauna. Haka ma Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowa ya san shi da sanyin hali da daɗin murya, amma shi ne malamin makarantar da ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ke iya jawo wa mutum bala'i. Wanda ya karanta babban littafin da Trevor Clark ya rubuta a kansa a 1991 zai ga cewa sanyin nan ba tsoro ba ne.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi ta addini ce, kuma ba ta cancanci a yi mata riƙon wasa ba. An hana mu zagin matattu, an hana mu giba, an kwaɗaitar da mu rufa asirin ɗan'uwa. Mai tsoron Allah yana da dalilin da zai sa hannunsa ya yi rawa kafin ya rubuta aibin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Amma malaman da suka ruwaito mana waɗannan hadisai su ne kuma suka kafa ilmin sanin maruwaita, wanda ake kira jarhu da ta'adili, inda ake ɗaukar mutum da sunansa da na ubansa a ce wannan amintacce ne, wannan haddarsa ta raunana da ya tsufa, wannan yana ƙarya. Ba su ɗauki wannan a matsayin giba ba, domin al'umma na da buƙatar sanin wanda za ta dogara da maganarsa. Imamu Nawawi, a cikin Riyadus Salihina da ake karantawa a zaurukanmu, ya jera wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta, kuma gargaɗin Musulmi game da abin da zai cutar da su yana ciki. Manyan kundayen tarihin malamai irin na Ibn Sa'ad da Ibn Khallikan da Zahabi cike suke da saɓani da rigingimu da kurakuran mutanen da marubutan ke girmamawa. Abin da aka hana shi ne cin mutunci da ƙage da tonon silili don jin daɗi. Bayyana yadda mai riƙe da amanar jama'a ya tafiyar da ita, da hujja, cikin ladabi, wani babi ne daban.

Ba ma sai an je Bagadaza ko Dimashƙa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu kuma ɗaya daga cikin manyan kwamandojin jihadi, ya bar mana Tazyinul Waraƙati, inda ya tattara waƙoƙinsa ya kuma ba da labarin abin da ya sa ya yi kowace. A ciki ne ya faɗa da bakinsa cewa ana tsakiyar yaƙi zuciyarsa ta ƙi abin da yake gani, domin da yawa daga cikin mutanen kirki sun yi shahada, waɗanda suka rage kuma son mulki da dukiya ya fara shiga tsakaninsu. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki, har ya isa Kano, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma. Babu wani marubucin zamani da zai iya ƙirƙiro wa jihadin suka mai zafin wannan, kuma ga shi daga alƙalamin wanda ya ba da jininsa a cikinsa. Shin darajar Abdullahin Gwandu ta ragu saboda wannan shafi? Shi ne ma ya sa muke gaskata shi a sauran abin da ya faɗa. Haka tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, bai ɓoye cewa Sarki Kumbari ya tsananta haraji a kasuwar Kurmi har fatake suka gudu Katsina ba. Wanda duk ya ce faɗin gaskiya game da manya ɗabi'ar Turawa ce da aka shigo mana da ita bai leƙa taskar kakanninsa ba.

Hujja ta biyu ita ce kunya da zumunci, kuma a ganina tana da rabin gaskiya. Babban mutum ba shi kaɗai ba ne. Yana da mata da 'ya'ya da surukai waɗanda ba su nemi kujerar kowa ba, kuma ba daidai ba ne a baje sirrin ɗakinsu a kasuwa da sunan bincike. Irin littattafan nan na ƙasashen Turai da Amurka masu bin diddigin wa shugaba ya so, wa ya saka, me ya ce wa matarsa da dare, ba abin koyi ba ne, kuma Bahaushen da ya ƙyamace su bai yi laifi ba. Iyakar tana nan a fili. Abin da mutum ya aikata da ikon jama'a, ko da kuɗinsu, ko da amanar da suka ba shi ta addini ko ta siyasa, na jama'a ne, suna da hakkin su sani. Abin da ya tsaya a cikin gidansa nasa ne, sai fa in shi ne ya juya akalar aikinsa na waje. Matsalar ita ce mu kan shimfiɗa mayafin kunya har ya rufe abin da aka yi a bainar jama'a. Malam Aminu Kano misali ne. Gidansa da ke Gwammaja, wanda yanzu ya zama cibiyar Mambayya, shaida ce ta gudun duniyarsa, ba mai musun wannan. Amma Malam ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin soja ta Janar Gowon, kuma jam'iyyarsa ta PRP ta dare gida biyu a farkon shekarun 1980, 'yan Taɓo suna tare da shi, 'yan Santsi suna tare da gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Waɗannan ba sirrin ɗaki ba ne. Me ya sa jagoran talakawa ya raba gari da almajiransa mafiya zafi a daidai lokacin da suka sami mulki a Kano da Kaduna? Wa ya yi daidai, a wane batu? Matashin da ke son gyara siyasar Arewa a yau yana buƙatar wannan babi fiye da kowane, domin irin wannan ɓaraka ce ke jiran duk wata tafiya da ta fita daga adawa ta shiga gidan gwamnati. Littafin Alan Feinstein a kan Malam ya fara fitowa ne a 1973, kafin a kafa PRP ma, kuma masu jawabin tunawa da shi duk shekara sukan tsallake wannan wuri da sauri.

Akwai kuma masu cewa littafin da mutum ya rubuta game da kansa ba abin dogaro ba ne tun asali, tunda ba mai kai kansa ƙara. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Gaskiya ne, kuma littafin Babangida bai kuɓuta daga wannan ba, domin ya jingina nauyin soke zaɓen ga wasu hafsoshi ƙarƙashin jagorancin Janar Sani Abacha, wanda ya rasu tun 1998, ba shi da bakin kare kansa, iyalansa kuma suka fito suka musanta. Amma maganin shaida mai son kai shi ne ƙarin shaidu. Alƙali ba ya korar mai ƙara don yana da ra'ayi a shari'ar, saurarensa yake yi, ya saurari ɗaya ɓangaren, ya nemi takardu. Alhaji Shehu Shagari ya ba da nasa labarin Jamhuriya ta Biyu da juyin mulkin ƙarshen 1983 a littafinsa na 2001. Alhaji Tanko Yakasai, wanda ya taso daga teburin ɗinki ya zama jigo a jam'iyyar adawa ta NEPU, ya ba da labarin shekarun da Sardauna ya yi magana a kansu, amma daga ɓangaren waɗanda ake kamawa ana ɗaurewa. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, a littafin da Isma'ila Tsiga ya taya shi rubutawa, wanda ya fito a 1992, shekarar rasuwarsa, bai kauce wa saɓaninsa da malaman ɗariƙu ba, ya faɗi matsayinsa ƙarara, wanda zai yarda ya yarda, wanda zai yi raddi ya sami abin kamawa. In aka jera waɗannan kusa da juna, aka haɗa da takardun da ke ajiye a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda suka saɓa shi ne inda mai bincike zai haƙa. Wanda ya fi cutar da tarihi shi ne babban da ya ga komai ya tafi kabari da shi, yana ganin shirunsa dattako ne.

Abin lura ne cewa biyu daga cikin labaran rayuwa mafiya gaskiya da aka taɓa bayarwa da harshen Hausa ba daga bakin masu mulki suka fito ba. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Tambutu, ya isa Ingila a 1855. A can ya ba wani ɗan mishan mai suna J.F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo kuwa tsohuwa ce da aka haifa a 1877, ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta labari, littafin ya fito da Turanci a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Baba ta faɗi yadda mahara ke sace mutane a kai su kasuwa, yadda ake fansar dangi, zaman rinji, aurenta huɗu da dalilin mutuwar waɗanda suka mutu, rashin haihuwarta da 'ya'yan da ta riƙa, bori, ƙawance, da yadda mata suka ga zuwan Turawa. Ba ta gyara kanta don ta burge kowa ba, kuma har yau masu nazarin rayuwar Hausawa kafin mulkin mallaka ba su da madogara irin tata. Dole a tuna cewa baƙi ne suka yi tambayoyin, su suka zaɓi abin da za a buga, kuma hakan ya bar tabonsa a littattafan biyu. Duk da haka abin da ya ba su rai a bayyane yake. Dorugu da Baba ba su da kujerar da za su kare, ba su da taron ƙaddamarwa da za a tara musu kuɗi, saboda haka suka yi magana da wanda ke sauraro kai tsaye. Babban mutum ma zai iya yin haka in ya ƙudurta, kuma abin da zai faɗa ya fi nasu faɗi, tunda shi ya zauna a ɗakin da aka yanke shawarar da ta shafi miliyoyi.

In dai mai karatu ne mai hakkin, to tilas a tambayi harshen da ake yi masa magana da shi. Kusan duk littattafan da na ambata na shugabannin ƙarni na 20 da Turanci aka rubuta su, haka ma Abubakar Imam, wanda ya raya rubutun Hausa fiye da kowa a zamaninsa, aka buga tarihinsa da Turanci a 1989. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka saboda 'yancin matan da yawancinsu ba su jin Turanci, amma littafin da Rima Shawulu ya rubuta a kanta a 1990 ba da harshensu yake ba. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulfulde domin ilmi ya isa ga matan ƙauye, amma sanannen littafin tarihinta, na Jean Boyd na 1989, a Landan aka buga shi. Ba laifin waɗannan marubuta ba ne, sun yi aikin da wasu ba su yi ba. Kuma ba a rasa masu karatu da Hausa ba, kasuwar littattafan Kano ta tabbatar da haka tun shekarun 1980, gidajen rediyo kuma suna karanta littafi sukutum mutane na bi dare bayan dare. Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Mamman Shata, ya nuna cewa ana iya yin dogon bincike kan rayuwar mutum a rubuta shi da Hausa, a bi garuruwan da ya zauna, a ji ta bakin makaɗansa da iyalinsa da waɗanda suka yi rigima da shi. Irin wannan aiki lokaci ne ke cin sa. Wanda yake ɗan shekara 20 a ranar samun 'yancin Nijeriya da Nijar a 1960 ya haura 80 yanzu, kuma waɗanda suka ga kafuwar NEPU a 1950 da idonsu saura ƙalilan. Sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai da Damagaram suna da ɗaliban da za su iya zama da waɗannan dattawa da na'urar ɗaukar murya, su yi musu tambayoyin da ba a yi a wurin taron yabo, kuma kuɗin da attajiri ɗaya ke bayarwa a ƙaddamarwa ɗaya ya isa ya ɗauki nauyin aikin na shekaru, har da fassara manyan littattafan da ke akwai zuwa Hausa a farashin da malamin firamare zai iya saye.